Farin Taki da Gorar Irin Inna

Bana ruwa ya yi mana rowa a Dungas. Watan shuka ya kama har ya yi nisa, gabas kuwa fari fat, ko ɗigon girgije babu. Ajin da nake koyarwa rufin kwano ne, kafin sha ɗaya na safe alli ya jiƙe a yatsuna don gumi, ɗalibai suna fifita da kaye, wato littattafan rubutunsu, suna harara ta sai ka ce ni na hana hadari tasowa. Ina cikin zana musu atom ɗin azot a tabulo, wato allon bango, sai na hango ta taga wata amalanke ta wuce, jaki yana ja da ƙyar, an ɗora mata buhu biyu na farin taki da sungumi uku. Mutanen sun gaji da jira, za su yi binne. Na tsaya da alli a hannu har wata yarinya ta ce, "Madam, an gama?" Na ce ba a gama ba, amma hankalina ya riga ya koma ƙauyenmu na ƙasar Kwaya, shekara ashirin da wani abu baya.

Binne, ga wanda bai tashi a gona ba, shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa, a rufe, a koma gida a jira sama. Kasada ce. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, ka riga kowa. In yayyafi ya zo ya yaudari irin ya tsiro, rana ta biyo baya ta kashe shi, sai ka nemi wani. A shekarar da nake magana babu wani irin da za a nema. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke hatsi yana tsakiyar fitar da kai, abin da aka girbe bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Baba ya rasu shekara biyu kafin nan. Gandu yana hannun wansa, Baffa Ilu, mu kuma muna cikin gidansa, ni da Inna da ƙannena biyu mata.

A lokacin ina aji na uku a kolej a Magarya, ina zaune wurin wata gwaggon Baba. Da bazara ta yi tsanani ta kira ni, tana sunkuyar da kai, ta ce tukunyarta ba ta iya ɗaukar baki tara. Ban yi mata gardama ba, don ni ma ina ganin gindin tukunyar. Na ɗaure tufafina a zane, na zuba littattafaina a leda, na hau amalanken ƴan kasuwa na koma gida. Na yi kuka a hanya, kuma ba don gwaggo ba, don ajin Mushe Lawali na yi.

Mushe muke ce wa malami namiji a makarantar boko. Mushe Lawali shi ne malaminmu na kimiyya, fizik da shimi, siriri, kullum cikin riga ɗaya mai gajeren hannu. Lakwal ɗinmu, wato makarantar, ba ta da ɗakin gwaji, ko kwalba ɗaya babu. Sai ya tura mu bakin tafki muka ɗebo yumɓu, muka mulmula ƙwallaye manya da ƙanana. Kowane ƙwallo atom ne. Ya ce duk abin da ke duniya, daga dutsen niƙa har numfashin da muke fitarwa, da waɗannan ƴan mitsi-mitsin aka gina shi, kuma irinsu bai wuce ɗari da ƴan kai ba. Kowane atom yana da cibiya a tsakiya, da elektoron da ke kewaye ta layi-layi. In layin waje bai cika ba, atom ba ya samun natsuwa sai ya riƙe wani sun yi tarayya. Gurbin da ya rage shi Mushe yake kira hannu. Idirojen hannu ɗaya gare shi, oksijen biyu, azot uku, karbon huɗu. Sai mu huda kowane ƙwallo da yawan hannuwansa, mu shanya, mu haɗa su da tsinken tsintsiya.

Ranar da ya yi mana azot ya ɗaga ƙwallo biyu da ya soke da tsinke uku ya ce, "Iskar nan da kuke shaƙa, kashi huɗu cikin biyar wannan ne, kuma shi ne abincin da hatsi ya fi so. Amma a iska biyu-biyu suke, kowane ya riƙe ɗan'uwansa da hannu ukun duka, raba su sai an sha wuya. Hatsi yana tsaye cikin abincinsa yana ramewa." Muka yi dariya, duk da rabinmu ba mu karya ba.

Daga nan ya fito da farin taki a tafin hannunsa, wanda ake ce wa ure, ƙwaya-ƙwaya kamar sukari. Muka gina shi da yumɓu: karbon ɗaya a tsakiya, ya ba oksijen hannu biyu, ya ba azot biyu hannu ɗai-ɗai, kowane azot kuma yana riƙe da idirojen biyu. Ya zuba takin a gwangwanin madara, ya ƙara ƙasa mai laima, ya rufe. Bayan kwana uku ya buɗe ya sa aka zagaya da shi teburi-teburi. Duk wanda ya kai hanci sai ya ja baya da hawaye. Ya ce, "A ƙasa mai laima ginin yana wargajewa. Azot ya saki karbon, ya cika hannunsa uku da idirojen. Iskar da ta sa ku kuka sunanta amoniyak. Ko kun manta sunan, ku riƙe warin." Ni ban manta ko ɗaya ba.

A gida na tarar an koma cin anza. Da sassafe mu tafi daji mu tsinko ƴaƴanta, a shanya, a ɓare, a jiƙa cikin ruwan toka. Ɗacinta ba ya fita sai an kwana huɗu ko biyar ana sake mata ruwa, ga rijiya ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya. Mu ja ruwa har tafin hannu ya yi kanta, mu kawo mu zuba wa abin da ko akuya ba ta marmarinsa. In an dafa, a yayyafa gishiri, a ci sau ɗaya a yini. Wata rana dusa ce da ganyen tafasa busasshe. Zafi kuwa, tsakar rana ƙasa ba ta takuwa, kaji su buɗe baki su kwanta gindin randa. Ƙanwata ƙarama, Zali, ta daina wasa, sai ta zauna jikin bango tana bin mai tafiya da ido. Yunwa tana da wani jiri da ke zuwa in ka miƙe da sauri, har yau in na tashi daga kujera da hanzari nakan dafa teburi.

Duk da haka akwai hatsi a ɗakin Inna, kuma kowa ya sani. Tiya biyu ce cur, a cikin wata gora da ta toshe da toka ta liƙe bakinta da yumɓu, ta binne rabinta a ƙarƙashin gado. Iri ne. Da hannunta ta zaɓi zangarniyar a gamanarta, wato ƴar gonar da Baba ya yankar mata a gefen gandu, ta bi ta tsinci waɗanda suka jure ƙishirwar bara suka cika ido. Ranar da Zali ta yi zazzaɓi na ce, "Inna, ko tafi ɗaya a yi mata kunu." Ta ce, "Wanda ya ci iri ya ci baɗi." Ta tashi ta sayar da fantekar aurenta ta ƙarshe ta sayo garin rogo, gorar ba ta taɓa ta ba.

Ni ce ƴar farin Inna, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "waccan". In na yi faɗa da wani, ko ni ke da gaskiya, ni za ta ba laifi. In an doke ni a gabanta sai ta ce a ƙara. Haka kunyar ɗan fari take a wurinmu, ba ƙiyayya ba ce, amma tana da zafi ga wanda ake yi a kansa.

Wata Talata Baffa Ilu ya dawo daga Kwaya da buhun taki a bayan jaki, wani furoje na agajin manoma ya raba wa magidanta. Baffa manomi ne na gaske, ba zan rage masa ba. Shi ya fara kawo wa ƙauyenmu dabarar cuɗa iri da taki kafin shuka, tafi ɗaya na wannan, tafi ɗaya na wancan, a jefa su rami ɗaya. Da taki mai ruwan toka yake yi, wanda ake ce wa kenz-kenz, wato sha biyar-sha biyar da Faransanci, kuma shekarun da aka samu ruwa gonarsa ita ake nunawa. Ya kwance buhun a tsakar gida, matansa biyu suka taru suna kallo. Na leƙa na ga fari ne sol. Na karanta jikin buhun: harafin N kaɗai, alamar azot, babu P, babu K. Irin na gwangwanin Mushe ne.

Na durƙusa na ce, "Baffa, wannan ba irin wanda ka saba ba ne."

Ya ce, "Na gani. Wannan ya fi tsabta. Dubi farinsa."

"Wancan abinci uku ne a ciki, kowane kaɗan-kaɗan. Wannan azot ne kaɗai, kuma ya ninka na wancan sau uku."

"To madalla. Ai mai ƙarfin muke nema."

"In ya jiƙe a rami ɗaya da iri, wani abu yake fitarwa mai ƙuna. Mushe ya nuna mana a gwangwani, na shaƙa da hancina."

Ya dubi matansa ya ce, "Kun ji. Shekara uku a Magarya, abin da aka koyo ke nan, shaƙar gwangwani." Suka kwashe da dariya. Ya juyo ya ce, "Habsu, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ran Asabar za a yi binne. Kowa ya kawo irinsa a haɗa wuri ɗaya, bana ba shekarar rarrabuwa ba ce." Inna tana bakin murhu, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke, tashi ki ba mutane wuri."

Gaskiyar magana, ban tabbata ba. Mushe Lawali bai taɓa cewa komai game da iri ba, ni ce na haɗa a raina cewa abin da ya sa babban mutum hawaye ba zai bar jaririn tsiro ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na shiga ƙarƙashin rumbu na tsinci ƙwayar hatsi ashirin a tsagar itace, waɗanda kaji ba su kai ba. Na samo gwangwanin tumatur biyu, na cika su da ƙasar gona, na sa ƙwaya goma-goma. Ɗaya na ƙara masa farin taki, ɗaya na bar shi haka. Na yayyafa musu ruwan shana, na rufe kowane da sakaina, na ɓoye bayan ɗaki. Daga Talata zuwa Asabar kwana huɗu ne, ya isa hatsi ya tsiro ko ya ƙi. Gani ya kori ji.

Ran Laraba da la'asar hadari ya ɗan taso a gabas, baƙi siɗik, iska mai sanyi ta kaɗa. Baffa ya ce ba za a jira Asabar ba, gobe da asuba.

Gari na wayewa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ajiye babbar tasa. Baffa ya juye irin gandu, tiya biyar, ya zuba farin taki a kai, ya sa hannu biyu yana cuɗawa. Na ruga bayan ɗaki na ɗaga sakainu. Babu tsiro a ko ɗaya, lokaci bai yi ba. Amma gwangwani mai taki ya riga ya fara magana. Na ɗauko shi na dawo, daidai lokacin da Baffa ke cewa, "Saude, kawo naki." Inna ta fito da gorar, ta fasa yumɓun bakinta da dutse, ta miƙa masa.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na rungume gorar na zauna da ita a ƙasa. Baffa ya ce, "Saki." Na ce, "Wallahi ba zan saki ba." Ya ɗauke ni da mari har kunnena ya yi ƙara, na ji gishirin jini a bakina, amma hannuna bai kwance ba. Na jira in ji Inna ta ce a ƙara mini, don abin da ta saba ke nan. Kafin ta buɗe baki na tura mata gwangwanin da ƙafa na ce, "Inna, kada ki yarda da ni. Ki shaƙa kawai."

Ta dubi gwangwanin. Sannan ta sunkuya ta ɗaga sakainar, ta kai hanci, ta kau da kai da sauri tana murza ido. Ta ce, "Fitsarin jaki."

Baffa ya ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Yaya, ka taɓa ganin ciyawa ta fito a tsakiyar inda jaki ke fitsari? A gefe take fitowa, kore shar. Tsakiyar ƙurmus take. Ni ban san atom ɗinta ba, amma wannan warin na san shi."

Baffa ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Saude, a gabana kike bin bayan ƴar farinki? Ina kunya?"

Ta ce, "Na ajiye ta sai kaka."

Ya shuri gwangwanin ya tarwatse. Ya ce, "To ki ji da kyau. In kin fita da gorar nan, ke da ƴaƴanki ku ci abin da gamanarki ta ba ku. Rumbun gandu ba ruwanku da shi."

Ta ce, "Na ji." Ta karɓi gorar daga hannuna ta ɗora a ka, ta ɗauki tsohon sungumin Baba, muka fita.

Sai da muka bar gari ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Ke, in maganarki ta zama ƙarya, ki tanadi bakin da za ki yi wa ƙannenki bayani." Na ce to. Kuncina yana zogi, cikina yana ƙugi, kuma wallahi tunda aka haife ni ban taɓa jin kaina ya yi tsawo kamar wannan safiyar ba.

Gamanar ba ta kai ta cinye tiya biyu ba, amma Inna ta ce ko ƙwaya kada ta koma gida, don in ta koma tukunya za ta faɗa. Muka zuba da yawa a kowane rami. Ƙasa tana da zafi tun hantsi, in ka rufe rami da diddige sai ka ji kamar ka taka toka mai wuta. Muna hango su Baffa a gandu, can bayan layin gamba da ya raba mu, su tara a jere, mu biyu. Hadarin da aka yi wa gaggawar kuwa iska ta tafi da shi, ko ɗigo bai sauka ba.

Kwana huɗu bayan nan aka yi yayyafi, irin wanda manomi ke tsoro. Ya jiƙa ƙasa tsawon yatsa, ya tayar da ƙamshi, ya wuce. A rana ta uku gamanarmu ta tsiro, siri-siri kamar allura, kowane rami cunkus. Na yi ta tsalle a gona ni kaɗai. Gandu kuwa nan ɗaya, can ɗaya. Baffa ya ce nasa jinkiri ne, yana jiran ruwan gaske, namu da ya yi azarɓaɓi shi rana za ta soya. Kuma ba ƙarya ya yi ba, don rana ta fito ta zauna. Kwana tara babu ko gajimare. Kullum da safe in je in tarar ganyen ya ɗan buɗe, kafin azahar ya nannaɗe ya koma ruwan toka. Ta wajen tudu suka fara kwanciya suna bushewa. Matan Baffa suka daina amsa gaisuwarmu, ko garwashi ba a ɗiba a murhunmu. Zali ta tambaye ni ko gaske ne ni na hana su cin abincin gida. Na ce mata ta yi shiru, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

A rana ta bakwai na tsallaka layin gamba lokacin da ba kowa, na tona ramuka uku na gandu da yatsa. Ƙwayoyin sun kumbura sun yi baƙi, wasu sun fito da ɗan saiwa ta ƙone, warin nan kuma yana nan a ƙasar. Ba zan ɓoye ba, daɗi na fara ji, har na ce a raina, "Ga shaƙar gwangwani." Kafin in miƙe daɗin ya koma tsoro, don abincin mutum goma sha huɗu ne kwance a tafin hannuna. Na mayar na rufe, ban gaya wa kowa ba, ko Inna.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci gabas ta haɗe. Iska ta fara da kwasar shara da zannuwan shanya, awaki suka rugo gida, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka jera randuna da ƙore a bakin indararo. Inna ta tsaya a tsakar gida, ruwa yana dukanta, ba ta shiga ɗaki ba sai da zaninta ya manne mata. Washegari kwaɗi sun cika tafki da kuka, ƙasa ta yi laushi har ƙafa na nutsewa. Na tafi gona da gudu. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya mutu ta tudu, sauran ya miƙe, ya buɗe ganye, yana ɗigar raɓa. Aka jira gandu kwana uku, aka jira biyar. Abin da ya fito ba zai cika kwando ba in an tuge shi duka. Iri a kasuwa kuwa ya yi tsadar da ba a ma tambaya.

Da lokacin cira ya yi, wato rage tsiro a bar uku a kowane rami, muka tarar wasu ramukanmu suna da goma, wasu sha biyar. Muka yini muna tugewa, abin ya taru tuli. Na ce, "Inna, a kai wa akuyarmu, ta sha wuya ita ma." Da gangan na faɗa, marin bai bar raina ba. Ta jera tsiron a kwanduna, saiwa a ƙasa, ta yayyafa ruwa, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, ta ce in kama mata. Muka kai su layin gamba muka ajiye. Baffa yana can tsaye tun ɗazu, wai akuyarsa ce ta ɓata yake nema, alhali akuyar tana ɗaure a gida kowa ya gan ta. Inna ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba. Muka juya. Da na waiwaya ya riga ya ɗora kwando ɗaya a ka.

Kwana uku gidan duka yana dashe a gandu, Allah ya taimaka ana ta yayyafi. Hatsin dashe ba ya kai na shuka, kowa ya sani, amma da babu gara ba daɗi. Maganar rumbu ba wanda ya sake tayar da ita. Baffa bai ba ni haƙuri ba, har ya koma ga Allah bai ba ni ba, ni ma ban taɓa ce masa na yafe ba, kuma ba na jin ɗayanmu ya rasa barci a kan haka.

Bayan noman farko, wata safiya da ƙasa ke da laima, ya aiko a kira ni gandu. Na tarar da shi a bakin gona da rabin buhun farin takin da ya rage, da sungumi a jingine. Na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon hatsin, wanda ya kama amma ya yi rawaya-rawaya, sannan ya ce, "Wannan abin naku. Zubar da shi ake, ko yana da wurin da ake sa shi?"

Na ce, "Baffa, ai mu shaƙar gwangwani kawai muka koya."

Na yi zaton wani marin ne zai biyo baya, har na gyara tsayuwa. Ya ce, "Na ji. Yanzu ina ake sa shi?"

Na ce a gefe, nesa da gindin da faɗin tafin hannu biyu, a tona, a zuba abin da yatsa uku suka ɗauka, a rufe da ƙasa don kada azot ɗin ya gudu iska. Ya ce bai gane nisan ba. Na durƙusa na auna masa. Ya ce idonsa ba zai riƙe ba. Sai ya ɗauki sungumin ya miƙo mini.

A wurinmu namiji ke gaba da sungumi yana sara, mata da yara su biyo baya suna zubawa suna rufewa. Haka na tarar, haka kakannina suka tarar. Ranar ni ce a gaba, ƴar shekara sha biyar, ƙafa duk faso, Baffa Ilu da furfurarsa yana bayana da ƙwaryar taki, yana zubawa inda na sara, yana rufewa da diddige. Ranar kasuwa ce, hanyar Kwaya kuma ta gefen gandun ta bi. Mutane suka riƙa rage tafiya suna kallo. Wani abokin wasansa ya tsayar da jaki ya ɗaga murya ya ce, "Ilu! Yau kai ne a baya?"

Baffa bai ɗago kai ba. Ya zuba taki, ya taka, ya ce, "Wuce ka ba mu wuri. Kai ma gobe za ka zo aronta, kuma ba zan bayar ba."

Na ɗaga sungumin na sara na gaba.